Baƙin Yashin Tofazzal

"Tsaya nan," in ji Tofazzal Mistiri. "Tsaya in ga tankina."

Mai keken ya ja birki. Keken ɗaukar kaya ne mai shimfiɗar katako a baya, kuma a kanta aka kwantar da Tofazzal tun daga asibitin garin Sirajganj, inda likitoci suka ce a mayar da shi gida tun da sauran numfashi. 'Yarsa Shefali tana zaune a gefensa, ta rungume ledar magunguna. Ni na tarye su tun daga bakin gada, ina tafe a ƙasa riƙe da lema saboda yayyafi. Da na ji abin da ya ce, sai na karkata lemar ta ɓangaren da tankin yake, na tsaya ni ma a wajen.

"Ana ruwa, Bhai," na ce, domin haka muke kiran yaya a nan. "Mu shiga ciki tukuna. Tanki ba gudu zai yi ba."

"Masta, kai da lemarka kun fi tankin faɗi. Matsa mana."

"Abba, ka bari sai ka huta," in ji Shefali. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga wa mai keken hannu, ya tura su zuwa ƙofar gidansu, tayoyin suna nutsewa a taɓo. A ƙofar gidana kawai ba su nutse ba, domin nan hanyar a shimfiɗe take da yashi.

Sunana Mokbul. Shekara talatin da ɗaya na koyar da kimiyya a makarantar ƙauyenmu kafin in ajiye aiki, shi ya sa kowa ke ce mini Masta. Tofazzal maƙwabcina ne, ya girme ni da shekara tara, kuma bai taɓa shiga aji ba. Sana'arsa haƙa rijiyar famfo, shi ya sa ake ce masa Mistiri, wato gwanin aikin hannu. Tsakanin gidansa da nawa akwai famfon tuƙa-tuƙa da gida goma sha bakwai ke sha, a jikinsa kuma akwai tankin siminti da ya gina da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Ruwan ƙasarmu yana fitowa daga famfo garau, amma da ya sha iska sai ya koma ja, ya rina bokiti da haƙora da farcen mata. Wannan ƙarfe ne. Bayansa akwai wani abin da ba ya nuna kansa da wuri, wanda ke mayar da shinkafa launin toka, ya bar baƙin ɗigo a farin tufafi. A littafin da nake koyarwa sunansa manganis. Tofazzal ba ya amfani da waɗannan sunaye. Ja da Baƙi yake ce musu, kamar 'ya'yan wani da ya sani.

"Ja wawa ne," yakan ce. "Da ya sha iska sai ya tona kansa, ka kama shi. Baƙi shi ne ɓarawo. Zai wuce ta gabanka yana yi maka sallama."

Ɗaki uku ya yi wa tankin. A na farko ruwa yana zubowa ta faranti mai huji-huji, ya faɗa kan farfasasshen jan bulo, a nan Ja ke zama. Na biyu cike yake da dakakkiyar katantanwa da yake tsintowa a bakin kogin Jamuna, domin ruwan da ya rabu da ƙarfe yana ɗan yin tsami, Baƙi kuwa ba ya kamuwa a ruwa mai tsami. Na uku shi ne na yashi. Fari ne lokacin da aka zuba shi, amma cikin shekaru ya koma baƙi ƙirin, mai santsi a hannu. Kowace Juma'a kafin salla Tofazzal yakan kwashe saman bulon ya wanke, ya ƙara katantanwa, amma yashin ba ya yi masa komai sai ɗan motsa samansa da yatsu. A bakin famfon tankin kuma kullum akwai farin ƙyalle ɗaure, wanda yake kwancewa ya duba kowace safiya.

Na taɓa ce masa yashin nan ya yi datti, ya kamata a canza. Ya dube ni kamar na ce a canza masa uwa.

"Wannan baƙin da kake gani shi ne ma'aikacin," ya ce. "Shi yake riƙe ɗan'uwansa. Shekara biyu na yi ina jira ya nuna. Ba a rubuta muku a littafi ba?"

"Ba a rubuta ba."

"To ka rubuta, kai ne mai alƙalami." Ya yi dariya, ya tofar da jan yawun ganyen pan da mutanenmu ke taunawa kamar goro. "Ni dai abu ɗaya na roƙa. Ranar da na mutu, da ruwan nan za a wanke ni. Kada in isa gaban Ubangiji ja kamar bulo."

Wannan maganar ya yi ta sau da yawa, a gaban mutane da yawa, kuma kullum ana dariya.

Yana kwana na shida a asibiti ɗana Rumon ya bugo waya daga Dhaka, babban birni, ya ce zai zo da matarsa da iyayenta, karo na farko da za su ga gidanmu. Uban matar ma'aikacin banki ne. Na zaga gida ina kallon komai da idon baƙo, har na zo tankin, na ɗaga murfin ɗaki na uku. Na ga baƙin nan yana ƙyalli a ƙarƙashin ruwa, na ji kunya ta kama ni tun kafin kowa ya gani. Ba zan ce na manta da maganar Tofazzal ba. Na tuna ta kalma bayan kalma. Abin da na gaya wa kaina shi ne, mutumin da bai san sunan abu ba, ba zai fi ni sanin halinsa ba.

Na kira leburori biyu. Kafin azahar sun kwashe yashin kaf, sun haɗa da katantanwar, domin ita ma ta yi kore, suka goge bangon da tsintsiya, suka zuba sabon yashi fari tas daga bakin kogi. Da suka tambaye ni inda za su kai tsohon, sai na nuna musu ƙofar gidana, inda taɓo ke damun masu shiga. Sannan na jefa dunƙulen alif a ɗaki na biyu, saboda na san alif yana kwantar da laka. Surukaina suka zo, suka taka hanya busasshiya, suka sha ruwa garau. Uwar matar Rumon har ta yaba.

Bayan kwana biyar matata ta ajiye mini kwanon shinkafa. Launinta kamar an dafa ta a tukunyar da ba a wanke ba.

"Shinkafar ce," na ce. "Ta bara ce."

"Baban Rumon, shinkafar da muka ci jiya ce." Ta zauna nesa da ni. "Matar Jobbar mai shagon shayi ta ce rigar makarantar 'yarta ta yi ɗigo-ɗigo. An fara tambaya a bakin famfo. Ni na ce ban sani ba. Sau nawa zan ce ban sani ba?"

Na je na duba ƙyallen Tofazzal. Ya yi baƙin zobe a tsakiya. Na kwance shi, na sa a aljihu, na ɗaura wani sabo. Haka na riƙa yi kowace asuba har bayan an dawo da shi.

Ɗakin da aka kwantar da shi yana kallon tsakar gida, rufin kwano, bangon kwano, gadon katako da gidan sauro a naɗe a sama. Shefali ce kaɗai ke jinyarsa. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ta dawo gidan ubanta, uwarta kuwa ta daɗe da rasuwa. A ƙarƙashin indararon kwanon na ga ta jera tuluna da manyan tukwane har bakwai, kowanne da murfi. Na gan su, ban tambaya ba.

Kwana biyu ina zuwa safe da yamma. Ina zama a kan kujerar roba, ina ba shi labarin farashin rama da na wanda ya sayar da saniya. Ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta zama ƙarama. Ruwa kaɗan likita ya yarda ya sha, shi ma da cokali. Ba na jin komai a lokacin, ko tsoro. Ina dai zaune ina ƙirga hujin da ke jikin kwanon rufi, inda haske ke shigowa.

A rana ta uku, bayan la'asar, ya buɗe ido ya kira Shefali yadda ya saba kiranta, "Uwata."

"Na'am, Abba."

"Ruwan sama kike ba ni tun da na dawo. Kin ɗauka harshena ma ya mutu?"

"Likita ya ce..."

"Likita bai ce ruwan sama ba. Masta, ɗauki kofin can. Je ka ɗebo mini nawa."

Na dubi Shefali. Tana ninke wani zani da ta riga ta ninke. Na ɗauki kofin, na fita, na buɗe famfon tankin. Ruwan ya zubo garau, babu abin da ido zai gani. Na tsaya da kofin a hannu har wata mata ta zo da tulu ta gaishe ni, sannan na koma.

Shefali ta tallafo kansa. Ya kurɓi kaɗan, bai haɗiye ba. Ya juya shi a baki, ya rufe ido, sannan ya nemi kasko ya tofar.

"Alif," ya ce. "Wa ya sa mini alif?"

Na karɓi kofin, na ajiye a ƙasa. A waje wata akuya tana ta kuka.

"Ga bauri, ga tsami. Katantanwata ba ta barin ruwa ya yi tsami haka." Ya buɗe ido, ya dubi rufi. "Babu katantanwar ke nan. In babu ita..." Ya ja numfashi da baki. "Masta. Yashin fa?"

Na shirya jawabai da yawa a cikin kwanakin nan, wasu har da dalilai na kimiyya. Ko ɗaya bai zo ba.

"Na sa an kwashe, Bhai."

"Duka?"

"Duka."

"Saboda me?"

"Surukan Rumon za su zo."

Na jira ya zage ni. Da ya yi, da na samu abin riƙewa. Amma sai ya ɗan motsa leɓe kamar mai lissafi a zuci.

"Ina ka zubar?"

"A ƙofar gidana. Kan hanya."

"Ashe shi ya sa keken bai nutse a nan ba." Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ban sani ba ko dariya ce ko tari. "Mutanen Dhaka sun taka?"

"Sun taka."

"Da takalma masu tsada?"

"Bhai, ka yafe..."

"Bar wannan, ba ni da numfashinta. An yi rana mai zafi tun da ka zubar?"

"A'a. Kullum ruwa ake yi."

"To bai bushe ba. In bai bushe ba, bai mutu duka ba." Ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo. "Saurara, ɗan makaranta. Kwaso shi. Kada ka cuɗa, kada ka sa sabulu ko wani abin littafi. Zuba a kwando, ka tsoma a kududdufi sau biyu, laka ta fita, shi ke nan. Ka cire alif ɗinka, ka zubar da ruwan ɗakin. Tsohon a ƙasa, sabon a sama. Tsohon zai koya wa sabon."

"Katantanwa fa?"

"Akwai buhu a bayan madafa. Uwata ta sani. Kada ka ce za ka yi sauri ka zuba farar ƙasa ta pan, na san halinka. In ta yi yawa ruwa zai yi santsi, ya ƙone wa yara baki. Ka gwada da kurkur. Ɗan kaɗan a kofi. In ya tsaya rawaya, lafiya. In ya koma ja, ka wuce gona da iri."

"Kwana nawa zai ɗauka?"

Ya juyo da kai, ya dube ni sosai a karo na farko tun da aka dawo da shi.

"Wata uku. Ko huɗu."

Mu duka uku mun san abin da wannan yake nufi. Shefali ta goge masa baki da gefen gyalenta.

Washegari bayan sallar asuba na fita da kwando da farantin ƙarfe. Na durƙusa a ƙofar gidana, na fara kankare hanya. Yashin ya cakuɗe da taɓo da kashin kaji da ɓawon gyaɗa, wani ruwa ya tafi da shi cikin kwata. Inda ya yi kauri nakan same shi yadda yake, baƙi, mai santsi. Mata masu zuwa ɗibar ruwa suka riƙa ratsewa ta gefena. Babu wadda ta tambaya. Jobbar mai shagon shayi ne kawai ya tsaya a kaina.

"Masta Saheb, ranka ya daɗe, zinariya ta faɗi ne?"

"Yashi nake kwashewa."

"Na gani. Dama mun ce ko kimiyyar ce ta kai ka ƙasa." Ya ɗan tsaya. Sannan ya naɗe zanin da mazanmu ke ɗaurawa zuwa gwiwa, ya ɗauki kwandon da na cika. "Kududdufi ko? Sau nawa ya ce a tsoma?"

Ban tambaye shi yadda ya sani ba. Bangon kwano ba ya riƙe magana.

Yini biyu muka yi. Abin da muka samu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Muka kwashe farin, muka shimfiɗa baƙin a ƙasa, muka mayar da farin a kai. Shefali ta kawo buhun katantanwa, ta zuba da kanta, ta daidaita da tafin hannu yadda ubanta yake yi. Da muka buga famfo, ruwan ya fito launin toka, da laka a ciki. Na sa kurkur a kofi, ya tsaya rawaya. Na je na gaya masa.

"Rawaya," na ce.

Idonsa a rufe. "Ƙyallen fa?"

"Baƙi."

"Zai yi baƙi tukuna. Ka daina canza shi da asuba kamar ɓarawo. Ka bar mutane su gani."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi da ni. Ya rasu bayan kwana biyu, da hantsi, lokacin ina bakin tankin ina buga famfo don ruwan ya riƙa ratsa yashin. Ban ji kuka ba. Na ga dai Shefali ta fito ƙofar ɗaki ta tsaya, hannayenta a sake, sai na saki hannun famfon, ya koma sama da kansa.

Liman ya zo, aka kafa labule a tsakar gida, aka kawo ganyen magarya. Ni da Jobbar da wani ƙanen marigayin ne za mu yi wankan. Jobbar ya ɗauki bokiti biyu ya nufi tankin, domin babu wanda bai san wasiyyar ba. Ya dawo ya ajiye su a gaban liman. Ruwan ya ɗan kwanta, amma ana ganin toka-toka a ciki, da baƙin gari a gindin bokitin.

Liman ya duba, ya shafa gemu. "Ruwa ne mai tsarki, ya halatta. Sai dai likkafanin..."

"A'a," in ji Shefali daga bayan labule. "Baffa Mokbul, tulunan da ke ƙarƙashin indararo. Guda bakwai ne. Za su isa."

"Ya ce da nasa," in ji Jobbar a hankali.

"Na san abin da ya ce. Wannan ba nasa ba ne tukuna." Sannan ta ƙara da cewa, "Tun ranar da na zo ɗaukar masa kaya daga asibiti na ga hanyar ƙofar Baffa, na fara tara su."

Ni na ɗauko tulunan, ɗaya bayan ɗaya. Muka ɗumama ruwan da magarya, muka wanke shi da ruwan sama. Jikinsa ba nauyi. A tafin hannunsa akwai jan tsatsa da ya shiga cikin tsagar fata tun shekaru, na cuɗa a hankali, bai fita ba, na bar shi. Ina zuba ruwa, ina jin ƙanensa yana kuka, ina jin liman yana faɗin abin da za a yi, ni kuwa abin da ke kaina shi ne tulu na biyar ya kusa ƙarewa, saura biyu.

Aka binne shi bayan azahar a maƙabartar da ke bayan gonar rama. Ƙasar ta jiƙe, sai da aka shimfiɗa gora da ganyen ayaba. Mutane suka yi addu'a, suka watse. Wasu sun ba ni hannu kamar ni ne ɗan'uwan mamacin, na karɓa.

Da na dawo na tarar da Shefali a bakin tankin. A hannunta akwai wani siririn farin ƙyalle, ragowar da aka yanke daga likkafanin. Ta kwance tsohon da ya yi baƙi, ta ɗaura wannan a bakin famfon, ƙulli biyu.

"Kowace safiya, Baffa," ta ce. "Juma'a kuma bulo da katantanwa. Ni ba zan iya ɗaga murfin ni kaɗai ba."

"Zan zo."

"Na san za ka zo." Ta ɗauki tulunta babu komai a ciki, ta shiga gida.

Yau kwana arba'in da shida da rasuwarsa. Damina ta fara ja da baya, hanyar ƙofar gidana ta koma taɓo, matata tana tsallakawa a kan bulo uku da na jera. Shinkafa har yanzu ba ta yi fari ba, ko da yake matar Jobbar ta ce ta fi ta watan jiya. Kurkur yana tsayawa rawaya.

Da asuba na je na kwance ƙyallen, na wanke shi a ruwan sama kamar yadda nake yi kullum bayan na duba. Kafin in wanke na ɗaga shi sama, wajen da gari ke wayewa. Zoben yana nan a tsakiya, launin toka, faɗinsa kamar farcen babban yatsa. Na daɗe ina kallonsa, ban iya tantance ko ya fi na jiya haske ba. Na mayar da shi, na yi ƙulli biyu. Ruwa ya taru a ƙasan ƙyallen, ya yi nauyi, ya ɗiga a kan siminti.